Bangayen Da Ke Kiran Sunayen Waɗanda 'Yan Sanda Suka Kashe

Yau za mu ɗan ajiye zancen girki da ɗinki da renon yara a gefe, mu leƙa ƙasar Amurka, mu ga wata al'ada da ta yi ƙarfi a can, wadda na tabbata duk macen da ta ɗauki ciki wata tara ta yi naƙuda za ta fahimce ta tun kafin in kai ƙarshen bayani.

Mu dai a nan mun san ado a jikin bango. Wadda ta taɓa ratsa birnin Zariya ko na Kano ta ga yadda magina ke ƙawata fuskar gida da dagi da sauran zane-zane, kowace amarya kuma ta san yadda ake yi wa ɗakinta jere. Wannan duk ado ne na farin ciki. To, a biranen Amurka akwai zanen bango na baƙin ciki. Idan 'yan sanda suka kashe mutum ba bisa haƙƙi ba, musamman baƙar fata, sai masu zane na unguwa su ɗauko fenti da buroshi da tsani, su sami bangon kanti ko na wani dogon gini, su zana fuskar mamacin ƙatuwa, su rubuta sunansa, don duk mai wucewa ya gani ya tuna.

Abin kuwa ba kaɗan ba ne. Wata babbar jarida mai suna Washington Post ta soma ƙidaya a 2015, ta tarar 'yan sandan ƙasar kan harbe mutum wajen 1,000 har lahira a kowace shekara. Gaskiya ne akwai masu ɗauke da makami a cikinsu, amma akwai kuma waɗanda ko tsinke ba su riƙe ba. Baƙaƙen fata ba su wuce kashi 14 cikin 100 na mutanen Amurka ba, amma in aka auna da yawansu, kisan da ake yi musu ya ninka na farar fata fiye da sau biyu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuwa, 'yar'uwa, wata ce ta haife shi.

MUTUMIN DA YA MUTU YANA KIRAN UWARSA

Ran 25 ga Mayu, 2020, a birnin Miniyapolis, wani ma'aikacin kanti ya buga wa 'yan sanda waya cewa wani mutum ya sayi taba da takardar dala 20 da ake zaton jabu ce. Mutumin shi ne George Floyd, baƙar fata, ɗan shekara 46. 'Yan sanda suka zo suka sa masa ankwa, suka kwantar da shi rub da ciki a kan kwalta, ɗaya daga cikinsu mai suna Derek Chauvin ya danne masa wuya da gwiwa har minti 9 da daƙiƙa 29. Fiye da sau 20 yana cewa ba ya iya numfashi. Da wuya ta yi wuya sai aka ji wannan ƙaton mutum yana kiran “Mama”, alhali kuwa mahaifiyarsa ta rasu tun 2018. A nan ransa ya fita.

Sanarwar farko da ofishin 'yan sanda ya fitar cewa ta yi mutumin ya rasu ne bayan wata rashin lafiya da ta taso masa a lokacin da ake kama shi. Ba a ambaci gwiwa ba, ba a ambaci wuya ba. Da a haka za a rufe maganar, in ba don wata yarinya 'yar shekara 17 mai suna Darnella Frazier ba, wadda ta rako wata ƙaramar 'yar'uwarta kantin. Ta tsaya cak ta ɗauki abin da ke faruwa da wayarta ta hannu, ta sa a Facebook, duniya ta gani. Gani kuwa ya kori ji.

Ba a yi mako guda ba, wasu masu zane, a cikinsu har da mata biyu, Xena Goldman da Greta McLain, tare da wani mai suna Cadex Herrera, suka zana hotonsa a bangon wannan kanti, 'yan taku kaɗan daga inda ya cika. Sun sa fuskarsa a tsakiya, a bayan kansa kuma suka zana babban fure irin mai bin rana. A tsakiyar furen, inda 'ya'yansa ke fitowa, suka jera sunayen wasu baƙaƙen fata da 'yan sanda suka kashe kafin shi. Cikin haruffan sunansa suka zana jama'a sun ɗaga hannu sama. A ƙasa kuma suka rubuta kalmomin da ma'anarsu ita ce “Yanzu ina iya numfashi.”

Nan da nan mararrabar ta zama wurin zaman makoki. Mutane suka riƙa kawo furanni da wasiƙu da 'yan tsana da zane-zanen yara suna ajiyewa. Wani mai zane baƙar fata ɗan garin, Peyton Scott Russell, ya yi wani hoton na baƙi da fari mai tsawon ƙafa 12. Wasu suka bi kwaltar titin suna rubuta sunayen mamata ɗaya bayan ɗaya. A wani fili kusa da wurin kuma wasu matasa biyu suka kakkafa alluna fiye da 100 masu kama da alamar kabari, kowane da sunan wanda aka kashe da shekarunsa da garinsu. A watan Afrilu na 2021 kotu ta sami Chauvin da laifin kisa, aka yanke masa ɗaurin shekara 22 da rabi, hukumar birnin kuma ta biya iyalin mamacin diyyar dala miliyan 27.

ME YA SA SAI BANGO?

Wataƙila za ki ce, to me ya sa ba za a yi ta'aziyya a watse ba? Dalilan suna da yawa. Na farko, idan irin wannan kisa ya auku, bakin hukuma ne ke fara magana, sau da yawa kuma hoton da ake nunawa na mamacin shi ne mafi muni, a tono duk wani laifi da ya taɓa yi tun yana yaro, har mai sauraro ya ce ai ga irinta nan. Mai zane kuwa yakan nemi hoton da iyali suka fi so, ya fito da fuskar kamar yadda uwa ta san ɗanta.

Na biyu, labarin jarida na yini ɗaya ne, gobe an ƙulla ƙosai da shi. Bango kuwa yana nan da safe, yana nan da yamma. Mai zuwa aiki zai gani, 'yan makaranta za su gani su yi tambaya, ɗan sandan da ke sintiri a unguwar shi ma dole ya gani. Ba a biyan kuɗin shiga, ba sai wanda ya yi karatu mai zurfi ba.

Na uku, al'ada ce mai asali a wurinsu. Tun a 1967 wasu masu zane baƙaƙen fata a birnin Shikago suka haɗu suka cika bangon wani tsohon gini da hotunan manyan mutanensu, irin su Malcolm X da ɗan damben nan Muhammad Ali, suka kira shi Bangon Girmamawa. A wancan lokaci ba kasafai ake ganin fuskar baƙar fata a wurin daraja ba. An rushe ginin a 1971 bayan wata gobara, amma kafin nan biranen Amurka da dama sun kwaikwaya.

KU KIRA SUNANTA

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, saboda haka bari in tsaya kan 'yan'uwanmu mata. Wata malamar shari'a baƙar fata mai suna Kimberlé Crenshaw ta lura cewa in an kashe namiji sunansa kan bazu, in kuwa mace ce sai a yi shiru. Takan gwada haka a wurin lacca. Sai ta ce kowa ya miƙe tsaye, wanda ya ji sunan da bai sani ba ya zauna. In tana kiran sunayen maza, jama'a da yawa na tsaye. Da ta shiga sunayen mata sai a ga kusan kowa ya zauna. Wannan ya sa a ƙarshen 2014 ita da abokan aikinta suka soma wani yunƙuri mai taken “Ku Kira Sunanta”.

Cikin waɗannan sunaye akwai Aiyana Stanley-Jones, 'yar shekara 7, wadda harsashin ɗan sanda ya same ta tana barci a gidan kakarta a birnin Detroit a 2010. Akwai Atatiana Jefferson, wadda aka harbo ta taga a Jihar Texas a 2019, tana cikin gida tana wasa da ɗan 'yar'uwarta mai shekara 8. Wadda ta fi shahara kuwa ita ce Breonna Taylor.

Breonna 'yar shekara 26 ce, ma'aikaciyar sashen gaggawa a asibiti a birnin Louisville, burinta kuma ta zama nas. Bayan tsakar daren 13 ga Maris, 2020, 'yan sanda cikin fararen kaya suka ɓalle ƙofar gidanta suna neman miyagun ƙwayoyi, saboda zargin da ke kan wani tsohon saurayinta. Wanda take tare da shi ya zaci 'yan fashi ne, ya harba bindigarsa sau ɗaya ya sami wani ɗan sanda a cinya. Su kuma suka mayar da harsashi 32. Breonna ta mutu a nan cikin gidanta, ba a kuma sami ƙwaya ko ɗaya ba. Kusan wata biyu labarin bai yi nisa ba, sai mahaifiyarta Tamika Palmer da ke ta faɗi-tashi tsakanin lauyoyi da 'yan jarida.

Da labarin ya fito, sai fuskar Breonna ta bayyana a bangaye daga wannan gari zuwa wancan. A birnin Annapolis na Jihar Maryland, a watan Yuli na 2020, masu zane da yaran unguwa suka zana ta a daɓen filin ƙwallon kwando, zanen da faɗinsa ya kai murabba'in ƙafa 7,000, wanda ba a ganinsa sosai sai daga sama. Shahararriyar matar talabijin ɗin nan Oprah Winfrey ta sa aka kafa manyan alluna 26 a Louisville, ɗaya domin kowace shekara ta rayuwar marigayiyar. Amy Sherald kuma, wadda ta zana hoton Michelle Obama, ta zana Breonna cikin doguwar riga shuɗiya, ta sa mata zoben baiko a yatsa, zoben da saurayin ya yi niyyar ba ta ajali ya riga shi.

Majalisar birnin ta kafa doka da sunanta wadda ta hana 'yan sanda faɗa wa gida ba tare da ƙwanƙwasa ƙofa ba, aka kuma biya iyalinta dala miliyan 12. Amma shari'a ta yi tafiyar hawainiya. Sai a watan Nuwamba na 2024 kotun tarayya ta sami ɗaya daga cikin 'yan sandan da laifin tauye mata haƙƙi, aka yanke masa wata 33 a 2025.

BAFULATANIN DA AKA YI WA HARBI 41

Kada ki ɗauka abin ya tsaya kan jikokin bayi ne kawai. Akwai wanda labarinsa ya fi kusa da mu, wato Amadu Jallo, Bafulatani Musulmi ɗan ƙasar Gini. Ya tafi Niyu Yok a 1996 neman na kansa, kamar yadda samarinmu ke tafiya cirani. Yana kasa kaya a bakin titi, safa da safar hannu da kaset-kaset, yana tara kuɗin shiga makaranta. 'Yan kwanaki kafin rasuwarsa ya buga wa mahaifiyarsa waya yana murna, ya ce ya tara dala 9,000, zai shiga kwaleji.

Ran 4 ga Fabrairu, 1999, bayan tsakar dare, yana tsaye a ƙofar gidan da yake haya a unguwar Bronx, sai 'yan sanda huɗu cikin fararen kaya suka tsaya suka yi masa magana. Ya sa hannu a aljihu ya ciro walat ɗinsa. Suka ce sun zaci bindiga ce. Suka yi masa harbi 41, harsashi 19 suka same shi. Shekarunsa 23. A watan Fabrairu na 2000 kotu ta sallami 'yan sandan nan huɗu, ta ce ba su da laifi.

Mahaifiyarsa, Kadijatu Jallo, ta taso daga Gini ta tarar jaridu na kiran ɗanta “wani ɗan talla baƙo”, ke ka ce ba shi da asali. Ta tsaya ta bayyana wa duniya ko wane ne shi, cewa yaro ne mai ladabi da riƙon addini, wanda ya zauna a ƙasashe da dama, yake jin harsuna da yawa. Ta ɗauki gawarsa ta mayar gida aka binne shi a ƙauyensu a Futa Jalon. Daga baya ta rubuta littafi a kan rayuwarta da tasa, ta kuma kafa gidauniya da sunansa wadda ke biya wa ɗalibai kuɗin karatu, wato abin da aka hana ɗanta ya samu shi take ba 'ya'yan wasu.

A 2001 wani mai zane, Hulbert Waldroup, ya zana Amadu a wani bango kusa da gidan. Zane ne na fushi, don ya nuna 'yan sandan huɗu sanye da fararen huluna irin na ƙungiyar nan ta Turawa masu ƙin baƙar fata, aka kuwa yi ta rigima a kansa. Da shekaru suka ja fentin ya koɗe, sai a 2017 aka buɗe wani sabon zane, aikin wata mata mai suna Hawa Jallo, wadda suna kawai ya haɗa su. An kuma sa wa wannan yanki na titin sunan Amadu. Yaran da ba a haifa ba lokacin da aka kashe shi, yau suna wucewa ta gaban fuskarsa suna tambayar iyayensu labari.

ZANEN YA ƘETARE TEKU

Hoton George Floyd bai tsaya a Amurka ba. An zana shi a ragowar katangar Barlin a Jamus, da unguwar Kibera a Nairobi, da katangar da Isra'ila ta gina a Baitalahami. A lardin Idlib na Siriya, wani mai zane Aziz Asmar da abokinsa suka zana shi a jikin bangon da ya rage na wani gida da bom ya rusa. A Karachi ta Pakistan kuwa wani mai yi wa manyan motoci ado, Haider Ali, ya kewaye fuskarsa da furanni masu launi iri-iri, irin adon da muke gani a jikin motocin katako a hanyoyinmu.

Mutanen Masar ma sun san wannan hanya tun kafin nan. A watan Yuni na 2010 'yan sanda biyu suka lakaɗa wa wani saurayi mai suna Khalid Sa'id duka har ya mutu a Iskandariyya, fuskarsa kuma ta zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka tunzura jama'a zuwa boren 2011 wanda ya kawar da Shugaba Husni Mubarak. A titin Muhammad Mahmud na Alƙahira, inda aka kashe mutane da dama a watan Nuwamba na wannan shekara, masu zane suka cika bango da fuskokin samarin da suka mutu da na waɗanda aka tsiyaye wa ido. Wani mai suna Ala Awad ya zana jerin mata masu makoki irin na zanen zamanin Fir'auna. Hukuma ta shafe bangon da farin fenti a 2012, masu zane suka dawo suka sake.

FENTI BA YA DAWWAMA

Matsalar zanen bango ita ce rana na cinsa, ruwa na wanke shi, maƙiya kuma na bin dare su watsa masa baƙin fenti, kamar yadda aka yi wa na Miniyapolis ɗin kansa. A nan ma mata ne suka tashi. Lokacin tarzomar 2020 masu kantuna sun rufe tagoginsu da falankan katako, masu zane kuma suka mayar da falankan allon zane. Da ƙura ta lafa aka soma cire su za a zubar, sai wasu 'yan mata biyu baƙaƙen fata, Leesa Kelly da Kenda Zellner-Smith, suka bi kanti kanti da mota suna roƙo a ba su. Sun tara ɗaruruwa suka adana, suna fito da su baje koli don jama'a su gani. Wata kuma, Jeanelle Austin, ta ɗauki nauyin kula da kayan da ake ajiyewa a mararrabar, tare da wata gwaggon marigayin. Ko takardar da yaro ya yi wa zane da fensir ba sa yarda ta salwanta.

Sai dai fa kada mu ruɗu. A cikin baƙaƙen fatar kansu akwai masu cewa fenti ya fi gyara arha, shi ya sa hukumomi ke saurin yarda da shi. Wasu kuma sun yi ƙorafi cewa waɗanda suka jagoranci zanen Floyd na farko ba baƙaƙen fata ba ne, alhali ga masu zane a unguwar. A watan Yuni na 2020 magajiyar garin Washinton, Muriel Bowser, ta sa aka rubuta da manyan haruffa rawaya a titin da ya nufi fadar shugaban ƙasa cewa rayukan baƙar fata na da daraja, taken yunƙurin da mata uku suka soma a 2013, ɗaya daga cikinsu, Opal Tometi, iyayenta 'yan Nijeriya ne. A watan Maris na 2025 aka farfasa titin aka cire rubutun, bayan wasu 'yan majalisa sun yi barazanar rage wa birnin kuɗi. Dokar gyaran aikin 'yan sanda da aka sa wa sunan Floyd kuwa, Majalisar Wakilai ta amince da ita a 2020 da 2021, amma ta maƙale a Majalisar Dattawa. Zane bai ɗaure kowa ba. Abin da ya yi shi ne ya hana a manta, ya sa iyaye mata sun san ba su kaɗai ke kuka ba a tsawon shekarun da ake jan shari'a.

MU FA A NAN GIDA?

Na san wata za ta ce, to Malama, ai malamanmu da yawa sun yi hani ga zana surar mai rai. Haka ne, ni kuma ba kira nake yi a je a zana fuskokin matattu a bangon gidajenmu ba, wannan hukunci na wurin masana addini. Amma ki duba da kyau za ki ga zuciyar wannan al'ada ita ce suna. Mu kuwa mun fi kowa sanin darajar suna, tun da mukan mayar wa jariri sunan wanda ya rasu, mu riƙa kiransa Abba ko Ummi don girmamawa.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ran 1 ga Fabrairu, 1971, harsashin ɗan sanda ya kashe ɗalibi Kunle Adepeju a Jami'ar Ibadan, aka sa wa ginin ƙungiyar ɗalibai sunansa, shi ya sa har yau ake tunawa da shi. A watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoma wuta a Bakolori, kusa da Talatar Mafara, manoman da ke neman diyyar gonakinsu da aikin madatsar ruwa ya cinye, har yau kuma ana gardama kan yawan waɗanda suka mutu. A watan Mayu na 1986 an kashe ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A watan Oktoba na 2020 matasa suka cika tituna saboda cin zalin rundunar SARS, har gwamnati ta rushe ta ran 11 ga watan. To, tsakani da Allah, mu nawa ne za mu iya kiran sunan manomi ko ɗaya na Bakolori? Su ma fa suna da iyaye mata da matan aure da suka yi takaba wata huɗu da kwana goma.

Haƙuri da ƙaddara wajibi ne, amma haƙuri bai hana neman haƙƙi ba. Idan irin wannan ta faɗa wa gida, Allah ya kiyaye, a rubuta komai tun da zafinsa: rana da lokaci da wuri da sunayen waɗanda suka gani, a kuma nemi takardar likita a adana. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da aka kafa a 1995, akwai hukumar ba marasa ƙarfi lauya kyauta da ke nan tun 1976, akwai kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Ki sani kuma dokar shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ta hana a kama mutum a madadin wani, wato ba a tsare uwa ko mata don ɗa ko miji ya gudu, ta kuma hana a ƙi karɓar mace a matsayin mai tsaya wa wani beli don kawai ita mace ce.

Mu malaman makaranta da iyaye, mu riƙa ba yara waɗannan labarai da sunayen mutanen da abin ya shafa, mu kuma koya musu natsuwa da ladabi in hukuma ta tsayar da su. Ku kuma 'yan'uwa matan 'yan sanda da iyayensu mata, ba ku muke zargi ba. Mun san wahalar bariki da ƙarancin albashi, mun san da yawa daga cikin mazajenku sun rasa rayukansu wajen tsaron namu, amma wake ɗaya shi ke ɓata gari. Ke ce mai ba shi abinci kafin ya ɗauki bindiga ya fita, maganarki kuma tana shiga inda ta ofisa ba ta shiga. Ki riƙa tuna masa cewa wanda zai tsayar a hanya ɗan wata ne, tana can tana jiran dawowarsa kamar yadda kike jiran tasa.

Duk wadda ke da abin cewa a kan wannan batu, ko take da labarin yadda ake tunawa da irin waɗannan bayin Allah a garinsu, ta rubuto wa wannan fili, za mu buga in Allah ya so. Allah ya ba iyayen da suka rasa 'ya'yansu haƙuri, ya shirya masu riƙe da makami, ya tsare mana zuriyarmu. Wassalam.